Ƙudurorin SOPA da PIPA: yadda 'yan majalisar Amurka suka janye hannu daga dokar yaƙi da satar fasaha

A ranar 18 ga watan Janairun 2012, duk wanda ya buɗe shafin Wikipedia na Turanci domin neman wani bayani bai samu abin da ya zo nema ba. Baƙin shafi ya tarar, da gajeren saƙo, da wani gurbi da ake shigar da lambar yankin da mutum yake zaune a Amurka, sai a nuna masa sunan ɗan majalisarsa da hanyar tuntuɓarsa. A wannan yini Google ya lulluɓe tambarinsa da baƙin kyalle, shafin tattaunawa na Reddit ya rufe na tsawon sa'o'i 12. Kafin rana ta faɗi, wasu sanatocin da suka sa hannu a ƙudurin da ake wa wannan bore sun fara zare sunayensu.

Ƙudurori biyu ne na yaƙi da satar fasaha a intanet ake magana a kansu. Na majalisar dattawa shi ne PIPA, wanda Sanata Patrick Leahy na jihar Vermont ya gabatar a watan Mayun 2011, na majalisar wakilai kuma shi ne SOPA, wanda Lamar Smith na jihar Texas, shugaban kwamitin shari'a na majalisar, ya gabatar a watan Oktoban shekarar. Manyan kamfanonin shirya finafinai da na waƙoƙi da ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ne suka tsaya musu, kuma kukansu ba na banza ba ne: shafukan da ke raba finafinai da waƙoƙin sata galibi suna zaune ne a wajen Amurka, inda hannun kotunanta ba ya kaiwa. Duk wanda ya ga yadda masu satar fasaha suka cinye gumin masu shirya finafinai a Kano zai fahimci wannan raɗaɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tun da ba za a iya kamo mai shafin ba, sai ƙudurorin suka ɗauki dabarar toshe masa hanyoyin shan iska. Babban lauyan gwamnati zai nemi umarnin kotu a kan shafin da ake zargi, da wannan umarni kuma za a tilasta wa kamfanonin da ke ba jama'a intanet su hana sunan shafin buɗewa, a tilasta wa manhajojin bincike irin su Google su cire shi daga sakamakonsu, sannan kamfanonin biyan kuɗi da na talla su yanke hulɗa da shi. SOPA ya ƙara da wani tanadi, a daftarinsa na farko, wanda ya bai wa mai haƙƙin mallaka damar rubuta wa kamfanin biyan kuɗi ko na talla kai tsaye, ba tare da ya fara zuwa gaban alƙali ba, kamfanin kuma yana da kwana biyar ya katse harka da shafin, sai fa idan mai shafin ya maido da martani a rubuce.

Nan ne, a ganina, gizo yake saƙar. Tun 1998 Amurka tana da dokar da ake kira DMCA, wadda tsarinta shi ne a sanar da shafi cewa ga wani abu na sata a cikinsa, idan ya cire shi da gaggawa to ba shi da laifin abin da wani ya ɗora. A kan wannan ginshiƙi YouTube da ire-irensa suka girma. Sabbin ƙudurorin sun karkata daga cire abu guda zuwa hukunta shafi ɗungurungum, tamkar a rufe kasuwa baki ɗaya saboda an kama kayan sata a rumfa ɗaya. Kamfani mai tarin lauyoyi zai iya jure irin wannan barazana, amma ƙaramin shafin da ke rayuwa da kuɗin talla zai durƙushe tun kafin a saurari hujjarsa.

Injiniyoyin intanet kuwa nasu ƙorafin daban ne. Tsarin da ake kira DNS shi ne littafin adireshin intanet, wanda ke mayar da sunan shafi zuwa lambar kwamfutar da shafin yake ciki. Sun yi gargaɗin cewa sa kamfanoni su riƙa ba da amsar da ba ta gaskiya ba daga wannan littafi zai ci karo da aikin da ake yi na tsare shi daga 'yan damfara, alhali ɓarawon da ya san lambar shafin zai kewaye shingen cikin sauƙi. Wannan hujja ta yi nauyi har Lamar Smith ya sanar, kwanaki kaɗan kafin ranar boren, cewa zai cire tanadin toshewar, kuma a ranar 14 ga watan fadar White House ta bayyana cewa ba za ta goyi bayan dokar da za ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki ko ta raunana tsaron intanet ba.

To, mene ne ma'anar janye goyon baya a idon doka? A majalisar Amurka, ɗan majalisa kan ƙara sunansa a ƙudurin da wani ya gabatar domin nuna cewa yana tare da shi, kuma zare sunan ba ya kashe ƙudurin. Abin da yake yi shi ne ɓata lissafi. A majalisar dattawa mai kujeru 100, ana buƙatar ƙuri'u 60 kafin a ture turjiyar masu adawa a ci gaba da ƙuduri, kuma Sanata Ron Wyden na jihar Oregon ya riga ya tare wa PIPA hanya tun bayan da kwamitin shari'a ya amince da shi ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta adawa ba. An tsayar da ranar 24 ga Janairu domin wannan ƙuri'a. Da Marco Rubio na Florida ya janye, Roy Blunt na Missouri da Orrin Hatch na Utah suka bi sahu, wasu da ba su taɓa bayyana matsayinsu ba suka fito suka ce ba sa yi, sai ya bayyana cewa 60 ɗin ba za su cika ba. Miliyoyin mutane sun sa hannu a takardar koken da Google ya buɗe, wayoyin ofisoshin 'yan majalisa kuma ba su huta ba, a shekarar da ake shirin babban zaɓe.

Ranar 20 ga Janairu, shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, Harry Reid, ya ɗage ƙuri'ar, shi ma Lamar Smith ya jingine SOPA. Ba a taɓa kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurorin a zauren majalisa ba. An bar su ne har wa'adin majalisar ya ƙare a watan Janairun 2013, suka mutu da kansu kamar yadda ƙa'ida ta tanada ga duk ƙudurin da ba a zartar ba.

Wani abin lura ya faru a tsakiyar wannan dambarwa. Ranar 19 ga watan, ma'aikatar shari'ar Amurka ta rufe Megaupload, ɗaya daga cikin manyan shafukan ajiyar fayiloli a duniya, aka kuma kama mai shi, Kim Dotcom, a ƙasar New Zealand, duka ta hanyar amfani da dokokin da ake da su tun da farko. Masu adawa da SOPA suka riƙe wannan a matsayin shaidar cewa gwamnati ba ta rasa makami ba. Su kuwa masu haƙƙin mallaka sai da suka jira har watan Disambar 2020 kafin su samu wani ɓangare na buƙatarsu, lokacin da majalisar ta mayar da gudanar da shafin haska finafinan sata domin neman kuɗi babban laifi, a wata doka mai ƙunƙuntaccen hurumi da ta nufi masu sana'ar kawai, ta ƙyale masu kallo.