Amortisma: yadda ake lissafa tsufan kayan aiki a littafin kamfani

Ɗalibin da ya shiga shekarar farko ta fannin tattalin arziki da tafiyar da kasuwanci, ko a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ba zai gama darasin kwantabilite, wato lissafin kuɗin kamfani, ba sai ya ci karo da kalmar amortisma. Daga Faransanci ta zo. Da yawa kan haddace ƙa'idarta su ci jarrabawa, amma in ka ce su faɗi abin da take aunawa da harshen gida, sai baki ya mutu. Fassara mafi kusa ita ce kason tsufan kaya, wato rabon da kowace shekara za ta ɗauka daga kuɗin kayan aikin da aka saya don a mora shekaru da dama.

A ɗauki mai kabu-kabu da ya sayi babur a kan sefa 600,000. Kullum da dare yana cire kuɗin mai, da na faci, da na juyen baƙin mai, abin da ya saura ya kira shi riba ya kai gida. Ana nan, bayan ƴan shekaru babur ya tashi aiki, kuɗin sabo kuwa babu. Ba asiri aka yi masa ba. Duk tsawon lokacin nan wani ɓangare na abin da yake kira riba uwar kuɗi ce yake ci. In a ce babur ɗin zai iya cin kilomita 120,000 kafin ya gaji, to kowane kilomita yana cinye sefa 5 daga jikinsa, dala guda ke nan. Ranar da ya yi kilomita 100 babur ya ragu da dala ɗari, ko da ba wanda ya miƙo hannu ya karɓa. Wannan dala ɗarin ita ce amortisma.

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tsarin lissafin da ake koyarwa a jami'o'inmu shi ne SYSCOHADA wanda aka sabunta. An amince da dokarsa a Birazabil ranar 26 ga Janairu 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. A wannan tsari amortisma rarraba kuɗin kadara ne bisa tsari a kan shekarun da kamfani ke sa ran morar ta. A lura, rarrabawa aka ce. Ba a ce a je kasuwa a tambayi nawa injin zai yi in an sayar da shi yau ba. Dokar ta kuma wajabta yin sa ko shekara ta zo da riba ko da faɗuwa, don kada mai kamfani ya tsallake shi a shekarar da ciniki ya yi sanyi ya nuna wa banki ribar da babu ita.

Ba kowace dukiya ake yi wa ba. Gini, injin, mota, kwamfuta, kujeru da tebura, duk suna shiga. Fili ba ya shiga, don ƙasa ba ta ƙarewa da amfani, sai fa in irin filin da ake haƙar dutse ko yashi ne. Hajar sayarwa ma ba ta shiga. Buhunan albasar Galmi da suka fara ruɓewa a sito sun yi asarar daraja, amma wannan wani babi ne da nasa lissafi.

Abu uku ake nema kafin a taɓa kalkuleta: kuɗin da kaya suka ci har suka tsaya a wurin aiki, abin da ake sa ran samu in an rabu da su a ƙarshe, da yawan shekarun mora. Na farkon nan ne ya fi kayar da ɗalibai, don haka bari a bi shi da misali.

Wani kamfanin ruwan leda a Tawa ya sayi injin ɗaura ruwa a Yamai. Farashinsa ba haraji sefa 5,000,000. An biya 250,000 aka ɗauko shi ta hanyar Doso da Kwanni, an biya masu kafawa 150,000, su ma duk ba haraji a ciki. Kuɗin shigar injin a littafi 5,400,000 ne, ba 5,000,000 ba, domin injin da ke ajiye a shagon Yamai ba ya ɗaura wa kowa ruwa a Tawa. Da daga waje aka shigo da shi, kuɗin duwan ma sai ya hau kai. Da an yi ragi a kan takardar ciniki, sai a cire shi. Sai maganar TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wadda a Nijar ma'auninta na gama-gari kashi 19 cikin ɗari ne, wato 950,000 a kan farashin injin. In kamfanin yana da ikon cire wannan haraji daga wanda zai biya gwamnati, to ba ya shiga kuɗin injin, bashi ne da yake bin baitulmali. In ba shi da wannan iko, harajin ya zama nauyinsa, sai a haɗa. Wanda ya karanta tambaya da gaggawa ya ɗauki jimillar da ke ƙasan takarda ya ɗora lissafi a kanta, duk layukan da za su biyo baya sun karkace.

A ce kamfanin zai mori injin shekara 5, kuma yana sa ran sayar da shi 400,000 a ƙarshe. Abin da za a rarraba shi ne 5,400,000 a cire 400,000, saura 5,000,000. A hanyar bai-ɗaya, wadda aka fi amfani da ita, ana raba 100 da yawan shekaru a samu ma'auni. A nan kashi 20 cikin ɗari ne, kowace cikakkiyar shekara 1,000,000.

Sai dai ba safai kaya ke fara aiki ranar 1 ga Janairu ba, shekarar lissafi kuwa a ƙasashen OHADA daga 1 ga Janairu ce zuwa 31 ga Disamba. Shi ya sa ake auna shekarar farko da kwanaki. An sayi injin ranar 10 ga Maris 2024, amma bai tsaya daram a shirye da aiki ba sai 16 ga Afrilu. Daga ranar ta biyu ake ƙirgawa, ba daga ranar da ke kan takardar saye ba, kuma malamai na sane suke sa ranaku biyun a tambaya. A al'adar aji wata kwana 30 ne, shekara 360. Daga 16 zuwa 30 ga Afrilu kwana 15, in an haɗa da ranar 16 kanta. Daga Mayu zuwa Disamba wata 8, kwana 240. Jimilla 255. Sai a ninka 1,000,000 sau 255 a raba da 360, a samu 708,333. Shekarun 2025, 2026, 2027 da 2028 kowace ta ɗauki 1,000,000. Kwana 105 da suka rage su faɗa 2029, kuɗinsu 291,667. Jadawalin injin mai shekara 5 ya fito da layi shida ke nan, kuma in aka haɗa layin farko da na ƙarshe dole su ba da 1,000,000 cif. Wannan haɗawar ba ta cin minti guda, ita ce kuma ke tona kuskuren ƙirgar kwana tun kafin a miƙa takarda.

A kowane layi ana fitar da darajar da ta saura a littafi, wato kuɗin shiga a cire duk amortisman da aka tara. Ƙarshen 2024 saura 4,691,667. Ƙarshen 2025 saura 3,691,667. Haka za a yi ta sauka har 2029 a tsaya a kan 400,000. Wanda ya cire daga 5,000,000 maimakon 5,400,000 zai sauka a kan sifiri, alamar ya manta da kuɗin ƙarshen.

Shigarwa a littafin yau da kullum ana yin ta ranar 31 ga Disamba. A SYSCOHADA kowane asusu da lambarsa. Asusu mai lamba 681 yana ɗaukar kuɗin a ɓangaren debi, wato hagun asusu, domin nauyi ne a kan shekarar. Asusun rukunin 28 yana ɗauka a ɓangaren kiredi, wato dama. Ga dabarar lambobin: injin yana zaune a 241, sai a cusa 8 bayan lambar farko ya zama 2841. Mota tana 245, nata 2845. Asusun injin kansa ba a taɓa shi, 5,400,000 ɗinsa na nan. A bilan, wato takardar da ke nuna dukiyar kamfani da bashinsa a ƙarshen shekara, ake jera kuɗin shiga, da abin da aka tara, da saura.

Duba da kyau, cikin wannan shigarwa ba asusun banki, ba na akwatin kuɗi. Ko dala ba ta fita ba. Kuɗin sun fita tun ranar saye. Nan ne wata fahimta mai daɗin ji ke ɓatar da mutane, har da waɗanda suka daɗe a kasuwa, cewa amortisma wata ajiya ce da kamfani ke tarawa don sayen sabon injin. Ba asusun ajiya ba ne, ba kuma adashi ba. Abin da yake yi shi ne ya rage ribar da aka bayyana, saboda haka abin da za a raba wa masu hannun jari ya ragu, harajin riba ma ya ragu, wasu kuɗi su tsaya a cikin kamfani. Amma suna iya tsayawa a matsayin leda a sito, ko bashi a hannun masu shaguna. In mai kamfani yana son ya tarar da tsabar kuɗi a 2029, sai ya ware su da hannunsa. Kuma ko ya ware, miliyan biyar ɗin ba lalle ta sayi irin injin ba a lokacin.

Yawan shekaru kuwa kintace ne na kamfani, kuma ya kamata a yi shi da ido buɗe. Injin da ke aiki dare da rana a watan Afrilu da Mayu, cikin zafi da ƙurar Adar, ga ɗaukewar wuta, ba zai yi ƙarkon wanda ake tayarwa sa'a huɗu a yini ba. Dokar haraji tana da nata ma'aunai. In abin da kamfani ya cire ya zarce abin da ta yarda, rarar ana mayar da ita cikin ribar da za a biya wa haraji.

Akwai hanyoyi biyu bayan ta bai-ɗaya. Ɗaya tana ɗora nauyi a shekarun farko: a haɗa 1, 2, 3, 4 da 5 a samu 15, shekarar farko ta ɗauki kashi 5 cikin 15, wato 1,666,667, ta ƙarshe kashi 1, wato 333,333. Ɗayar tana bin yawan aiki, kilomita ga mota, sa'o'i ga janareto. Ita ce muka yi wa mai kabu-kabu.

In aka sayar da kaya kafin wa'adi, akwai matakin da ake yawan tsallakewa. A ce an sayar da injin ranar 30 ga Yuni 2026 a kan 3,000,000. Kafin komai sai an lissafa amortisman wata shidan da ya yi aiki a shekarar, 500,000. Abin da aka tara ya zama 2,208,333, saura a littafi 3,191,667. Wannan sauran yana shiga asusun 812, kuɗin sayarwa su shiga 822, bambancin ya nuna faɗuwar 191,667. Wanda ya manta da wata shidan zai ce faɗuwar 691,667 ce.

A darasin lissafin kuɗi da ruwa za a sake jin kalmar, amma can tana nufin biyan uwar bashi kashi-kashi, ban da ruwan da ke kai. Can kuɗi suna fita da gaske daga banki, kuma jadawalinsa daban ne: bashin da ya saura a farkon shekara, ruwa, kason uwar bashi, jimillar abin biya. Kamfanin da ya ci bashi ya sayi injin yana da jadawali biyu a kan kaya guda, kuma ba dole shekarunsu su zo ɗaya ba. Banki na iya cewa a biya shi cikin shekara 3 alhali injin na da 5. A irin wannan hali, in bashin 5,400,000 ne kuma kason uwar bashi daidai yake kowace shekara, 1,800,000 ne ke fita ban da ruwa, littafi kuwa 1,000,000 kawai yake nunawa a matsayin tsufan injin.