Lady Deathstrike: makashiyar Japan da ta canza jikinta don ramuwar gayya

Wace ce Lady Deathstrike, kuma daga ina ta fito?

Sunanta na yanka Yuriko Oyama, kuma tana cikin miyagun da suka daɗe a littattafan labarai masu zane na kamfanin Marvel na Amurka. Ta fara bayyana a shekarar 1983, a fitowa ta 197 ta jerin labaran Daredevil, wanda Denny O'Neil yake rubutawa a lokacin. A wannan fitowa ba ta da farata, ba ta da sulke, mace ce kawai mai tabo a fuska wadda take neman mafita daga hannun mahaifinta. Sai a 1986 aka laƙaba mata sunan da aka san ta da shi yau, a fitowa ta 33 ta jerin labaran Alpha Flight, kuma daga nan ta zama ƙadangaren bakin tulu ga Wolverine, jarumin nan mai farata uku a kowane hannu.

Me ya haɗa ta gaba da Wolverine, alhali bai taɓa yi mata komai ba?

Tushen rigimar mahaifinta ne, Kenji Oyama, wanda ake yi wa laƙabi da Lord Dark Wind. A cikin labarin, matuƙin jirgin yaƙi ne na ƙunar baƙin wake a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya kai hari kan jirgin ruwan Amurka amma bai mutu ba, ya tsira da fuska a ƙone, ya kuma ɗauki tsirar tasa a matsayin abin kunya har ƙarshen ransa. Wannan ɗaci ne ya sa ya tsaga fuskokin 'ya'yansa domin su ɗauki irin tabon da yake ɗauke da shi, kuma 'yan'uwan Yuriko maza biyu a bakin aikinsa suka rasa rayukansu. Shi ne kuma ya gano hanyar haɗa ƙashin mutum da adamantiyom, wani ƙarfe na almara da ba ya karyewa, wanda da shi ya gyara ƙashin bayan makashin nan Bullseye bayan ya shanye.

Yuriko ta yi wa jarumi Daredevil, wanda yake farautar Bullseye, jagora har zuwa maɓoyar mahaifinta, kuma da hannunta ta kashe shi, tana ganin ta 'yantar da kanta da masoyinta Kira, ɗaya daga cikin mayaƙan tsohon. Sai Kira ya kashe kansa don biyayya ga ubangidansa. A nan ne labarin ya juya, kuma a ganina nan ne marubutan suka yi ƙwazo: matar da ta tsani mahaifinta har ta zubar da jininsa ita ce ta dawo ta rungumi aƙidarsa, ta ɗaura ɗamarar dawo da martabar gidansu. Da yake an taɓa sace takardun binciken tsohon, sai ta ƙudurta cewa duk wanda yake yawo da adamantiyom a ƙashinsa da kayan gadonta yake yawo. Na'urar da take bin sawun ƙarfen da ita ta kai ta ga Wolverine a Kanada, mutumin da aka ɗura wa ƙarfen ba da son ransa ba.

Shin canza jikin da ta yi ya sa ta zama mai rikiɗa?

Idan ana nufin irin rikiɗar Mystique, wadda take komawa siffar duk mutumin da ta ga dama sannan ta dawo kamanninta, amsar ita ce a'a. Rikiɗar Yuriko ta wata fuska ce. Bayan ta sha kaye a karon farko, takobinta ya tarwatse, sai ta miƙa kanta ga Spiral, wata hatsabibiya mai hannuwa shida, wadda ta feɗe ta ta sake gina ta rabi mutum rabi na'ura. An lulluɓe ƙasusuwanta da adamantiyom, yatsunta goma kuma suka zama farata masu miƙewa su yi tsawo kamar wuƙaƙe. Tana iya haɗa kanta da kwamfuta kai tsaye, kuma idan aka lalata wani sashe na jikinta ana gyara shi kamar yadda ake gyara inji. Daga baya ma, a labaran 2013, an zuba tunaninta gaba ɗaya cikin jikin wata budurwa 'yar Kolombiya mai suna Ana Cortes, har ta zama mutum biyu a gangar jiki ɗaya.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, mai rikiɗa na gaskiya yana da gidan komawa, ita kuwa ba ta da shi, domin jikin da aka haife ta da shi ya tafi ke nan.

Wane labari nata ne ya fi shahara?

Fitowa ta 205 ta Uncanny X-Men, ta 1986, wadda Chris Claremont ya rubuta, Barry Windsor-Smith ya zana. Shafukan farko suna nuna yadda ake haɗa sabon jikin nata, wayoyi da bututu sun sarƙe ta ta ko'ina, ba a gane inda nama ya ƙare ƙarfe ya fara. Daga nan sai labarin ya koma birnin New York cikin dusar ƙanƙara, inda take farautar Wolverine tare da wasu maza uku da ya taɓa sassarawa a baya, su ma an mayar da su rabi na'ura. Wolverine ya ji rauni har ya manta magana, kuma wata ƙaramar yarinya, Katie Power, ita ce ta riƙe hannunsa har hankalinsa ya dawo. Da ya kayar da Yuriko, ya ga abin da ta mayar da kanta, sai ta roƙe shi ya ƙarasa ta, shi kuwa ya ƙi, ya juya ya bar ta kwance cikin ƙanƙara. A 1989 ta sake dawowa cikin Reavers, ƙungiyar miyagu rabi mutum rabi na'ura da Donald Pierce yake jagoranta, waɗanda suka kama Wolverine a hamadar Ostareliya suka ɗaure shi a jikin gungume.

Ina alaƙar wannan da al'adun Japan na ainihi?

Akwai alaƙa, amma ta nesa ce. Tatsuniyoyin Japan suna cike da kitsune, wata dabba dangin yanyawa wadda ake cewa tana rikiɗa ta zama kyakkyawar mace don ta yaudari mutane, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce Tamamo-no-Mae, wadda aka ce ta shiga fadar sarki ta jefa shi cikin ciwo. Su ma 'yan leƙen asirin da ake kira ninja, na yankunan Iga da Koga, an san su da ɓad da kama, suna shigar 'yan kasuwa ko limaman addinin Buda ko masu wasan nishaɗi. Marubutan Amurka na shekarun 1980 sun ɗebo daga wannan rijiya sosai, musamman bayan Frank Miller ya ƙirƙiro ƙungiyar makasa ta Hand a 1981, sai dai sau da yawa sun taƙaita ƙasa guda ga takobi da martaba da kashe kai, kuma labarin gidan Oyama bai kuɓuta daga wannan zargi ba.

Yaya aka nuna ta a fim?

A fim ɗin X2 na 2003, Kelly Hu ce ta fito a matsayinta, amma an share kusan dukan tarihin da ke sama. Babu mahaifi, babu Kira, babu gadon da take nema. An mayar da ita baiwar William Stryker, babban mugun fim ɗin, wanda yake juya ta da wani sinadari, kuma da ƙyar take buɗe baki. Wolverine ya kashe ta ne ta hanyar ɗura mata narkakken adamantiyom, kuma sai a daƙiƙun ƙarshe, da sinadarin ya sake ta, idanunta suka koma irin na mutum, ta dube shi.