Me ke jan matafiya zuwa otal-otal na alfarma?

Ai gado gado ne. Me ake saya da kuɗi mai yawa haka?

A ganina, hutun zuciya ake saya. Ka sauko daga jirgi bayan tafiyar awa goma, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi nauyi. Kana isa ƙofa wani ya karɓi jakarka, kafin ka shiga ɗaki ta riga ka. Ka murɗa famfo, ruwan zafi ya zo nan take. Labule mai kauri ya tare hasken titi, gilashin taga ya hana ƙarar motoci shigowa. Da magariba ma'aikaciya ta shigo ta gyara shimfiɗa, ta ajiye ruwan sha a gefen gado. Wanda ya taɓa kwana cikin hayaniya alhali gobe da sassafe yana da muhimmin taro, shi ya san darajar waɗannan ƙananan abubuwa.

Yaushe aka fara irin waɗannan otal-otal?

Salon da muka sani yau ya kafu a ƙarshen ƙarni na 19. An buɗe Savoy a Landan a 1889, da wutar lantarki ko'ina da lif mai aiki da lantarki, a lokacin da yawancin gidaje ba su da wutar lantarki. César Ritz, wanda ya shugabanci Savoy, ya buɗe nasa otal a Paris a 1898, da banɗaki a kowane ɗaki. Yau ko ƙaramin masauki yana da su.

Tauraro biyar yana nufin abu ɗaya a kowace ƙasa?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Babu wata hukuma guda a duniya da ke raba taurarin da ke nuna darajar otal. Ma'aunin yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Faransa ma, tun 2010, ta ƙara wani matsayi sama da tauraro biyar da ta kira Palace. Shi kuwa Burj Al Arab na Dubai, mai tsayin mita 321 da siffar filafilan jirgin ruwa, wanda aka buɗe a 1999, ana yawan ce masa mai tauraro bakwai, amma babu hukumar da ta ba shi wannan lamba.

Wane ma'aikaci ne ya fi amfani ga baƙo?

Mai kula da buƙatun baƙi, wanda ke zaune a teburinsa kusa da ƙofar shiga. Idan ka ga makullai biyu na zinariya a gicciye a ƙwalar rigarsa, ɗan ƙungiyar Les Clefs d'Or ne, wadda ta samo asali a Paris a 1929. Shi zai nemo maka likita da tsakar dare, ya canza maka tikitin jirgi, ya bi sawun jakar da ta ɓace. A garin da ba ka jin yaren mutanensa, wannan babban gata ne.

To kowace tafiya ce ta cancanci haka?

Ni dai ban ga dalili ba idan za ka fita da asuba ka dawo da dare, barci kawai zai kawo ka. Amma idan kana tare da dattijo ko mara lafiya, ko tafiyar hutu ce da za ka yini a ciki, kuɗin na iya biyan kansa. Kafin ka kama ɗaki, tambayi ko haraji da karin kumallo suna cikin farashin, sannan ka roƙi ɗakin da ke nesa da lif.