Waiwaye: Yadda uban ƙungiya a jami'o'in Amurka ya shiga neman tallafin bincike

Tun farkon 2025 ake ta ka-ce-na-ce a Amurka kan rage kuɗin bincike a jami'o'i, kuma hankali duk ya koma kan manyan ɗakunan gwaje-gwaje masu cin miliyoyin daloli. Wanda ba a cika ambata ba shi ne malamin da ke kula da reshen ƙungiyar karrama haziƙan ɗalibai, wato uban ƙungiya. Ƙuncin da yake ciki ya girmi wannan muhawara da kusan shekara 50.

Ƙungiyoyin nan sun daɗe. An kafa Phi Beta Kappa a 1776 a Kwalejin William da Mary, Sigma Xi ta masana kimiyya a Cornell a 1886, sai Psi Chi ta masu nazarin halayyar ɗan'adam a Yale a 1929. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta saki bakin aljihu: ta kafa gidauniyar kimiyya ta NSF a 1950, kuma da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957 sai kuɗin ya ƙaru. Wannan kowa ya san shi.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne shekarun 1970. Masu digirin digirgir sun yi yawa, guraben aiki sun yi kaɗan. Rikicin man fetur na 1973 ya zo da tsadar kaya, aljihun jami'o'i ya yi sanyi. Sai aka koma ɗaukar malaman wucin gadi, a biya mutum kwas ɗaya, zango ɗaya, in an gama kowa ya kama gabansa. Da farko an ɗauke shi maganin 'yan shekaru, ashe ya zo zama ne. Alƙaluman ƙungiyar malaman jami'o'i ta AAUP sun nuna masu aikin da ba na dindindin ba sun kai kashi 47 cikin 100 a 1987, zuwa 2021 kuwa kashi 68.

A nan ne, a ganina, gizo yake saƙar. Malamin da ke koyarwa a kwaleji biyu ko uku, yana cin abincin rana a cikin mota tsakanin wannan aji da wancan, wani lokaci ko ofis ba shi da shi, ina zai samu sukunin riƙon reshe? Sai nauyin ya taru a kan 'yan kaɗan da suka rage. Kuma aikin ba ƙarami ba ne. Uban ƙungiya ne ke bin jerin maki suna bayan suna don fitar da waɗanda suka cancanta, shi ke neman zauren bikin rantsarwa, ya yi odar igiyoyin ado da ɗalibai ke ratayawa ranar yaye su, ya rubuta wa wannan takardar shaida, ya zauna da wancan ya gyara masa binciken da zai gabatar a taro.

Duk wannan, idan aka zo ƙarin girma, ana zuba shi a kwandon da ake kira hidima. A jami'o'i da yawa rabon aikin malami shi ne kashi 40 koyarwa, 40 bincike, 20 hidima, amma a teburin tantancewa maƙalolin da ya wallafa da kuɗin da ya jawo wa makaranta su ne ke magana. Malama ta yi shekara 10 tana raino, ɗalibanta su yi nisa, ita kuwa a ce fayil ɗinta bai yi kauri ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ƙungiyoyin da kansu sun lura. Sigma Xi dama can tana ba ɗalibai ƙananan tallafin bincike tun 1922, ita kuma Psi Chi ta ware wa iyayen rassanta nasu kason na 'yan dubban daloli. Kuɗin kan isa a biya waɗanda za a yi wa tambayoyi, a sayi manhajar nazarin alƙaluma, a sa ɗalibi ɗaya ko biyu a aikin lokacin hutun bazara. Shi ma sai an cike fom, an yi takara da sauran malamai, sannan a jira sakamako.