Ba DSS kaɗai ce hukumar leƙen asirin Najeriya ba

A majalisun hira na Agege da Obalende, da zarar an ambaci leƙen asiri sai ka ji an ce DSS, kamar ita kaɗai ce, wasu ma na ɗaukarta reshen 'yan sanda. Ba haka abin yake ba.

A nan Legas tushen yake. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO, hedikwatarta a titin Awolowo, Ikoyi. Cikin gida da waje duk a hannunta suke, ƙarfi ya yi mata yawa, koke kan tsare mutane ba shari'a ya yawaita. A 1986 Janar Babangida ya rushe ta da doka mai lamba 19, ya raba aikin gida uku: SSS, wadda muke kira DSS, tana lura da tsaron cikin gida, NIA, wadda Albert Horsfall ya fara shugabanta, tana tattaro bayanai daga ƙasashen waje, DIA kuma ta harkokin soja ce.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa majalisar tarayya ta gyara wannan doka ta 1986 gobe-gobe. Sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare ta, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa, wato har sai kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi sun amince.