Waiwaye: Lasisin Masu Feshi a Amurka da Shekarun da Maganin Auduga Ya Shiga Ɗakin Kwana

Har yanzu ana ta kai ruwa rana a jihohin Amurka kan lasisin masu feshin maganin ƙwari da masu duba gidaje don gano ɓarnar gara. Wasu na cewa jarrabawa da kuɗin sabunta takarda sun zama shinge ga mai ƙaramin jari da ke neman sana'a. Wasu kuma na cewa duk wanda zai shiga ɗakin mutane da guba dole a san shi. Mai sauraro zai ɗauka jiya aka fara wannan gardama, alhali ta girmi yawancin masu yin ta.

Tun 1935 jihar Kaliforniya ta kafa hukumar kula da masu wannan sana'a. Dokar tarayya ta 1947 ta fi damuwa da rajistar maganin ƙwari da abin da aka rubuta a jikin kwalba. A 1972, shekarar da aka hana yawancin amfani da maganin ƙwari na DDT, aka gyara dokar, aka ware magunguna masu haɗari waɗanda sai mai takardar shaida ko wanda yake ƙarƙashin kulawarsa zai fesa. 

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru tsakanin 1994 da 1997. Akwai wani magani mai suna methyl parathion, wanda aka yi don gonakin auduga. A fili, rana da ruwa da ƙwayoyin halittar ƙasa kan karya ƙarfinsa cikin kwanaki. A cikin ɗaki kuwa babu mai karya shi, sai ya shige katako da darduma da jikin bango ya zauna watanni, wani lokaci har shekaru. A 1994 aka gano cewa wani mai feshi marar lasisi ya daɗe yana fesa shi a gidajen mutane a gundumar Lorain ta jihar Ohayo. Ƙarshen 1996 aka tarar da irin haka a gaɓar tekun Misisipi, inda gidaje da shaguna fiye da dubu suka shafu, sannan a jihar Luwiziyana da biranen Memfis da Shikago.

Me ya sa mutane suka buɗe wa waɗannan masu feshi ƙofa? Akasarinsu talakawa ne mazauna tsofaffin gidaje da kyankyaso ya hana su sakat. Mai lasisi yana da tsada, kuma sai ya yi ta dawowa. Marar lasisin kuwa araha ne, feshi ɗaya kyankyaso ya ɓace tsawon lokaci, maƙwabciya ta faɗa wa maƙwabciya. Wasu ma an bar musu ragowar maganin a kwalba don su ƙarasa da kansu. Duk wanda ya taɓa sayen fiya-fiya a kwalbar da ba ta da ko rubutu, ya san yadda irin wannan ciniki yake tafiya. Ciwon kai da amai da jirin da yara suka riƙa yi, iyaye da yawa sun ɗauka mura ce.

An kwashe iyalai zuwa masauki, aka ɓamɓare bango da daɓe, aka kashe miliyoyin daloli daga asusun da aka tanada don share wuraren da gubar masana'antu ta lalata. An ɗaure wasu daga cikin masu feshin. Amma gyaran da ya fi tasiri a wurin sayarwa aka yi shi: aka janye maganin da ke kasuwa, aka zuba masa wani abu mai ɗoyi don kada a iya fesa shi a ɗaki, aka koma zuba shi a manyan mazubai masu lamba da ake mayarwa, ta yadda za a iya bin sawun kowanne. Lasisi yana nan tun kafin lokacin, amma bai kai ga unguwannin da ba su da kuɗin kiran mai shi ba.

Sai a 2017 aka sake yi wa ƙa'idar ba da takardar shaida gyara mai yawa: mai fesa magani mai haɗari don kasuwanci ya kai shekara 18, ya sabunta takardarsa aƙalla duk shekara 5, masu aiki a ƙarƙashinsa kuma a horar da su. Jihohi sun ɗauki shekaru suna daidaita tsarinsu da wannan, har wa'adin ya kai Nuwamban 2023.