Matashi da Ciwon Sukari: Tambayoyin da Iyaye Ke Yi a Yamai

Yarona ya canza, abu kaɗan sai fushi. Ciwon ne ko taurin kai?

Kafin a yi masa faɗa, a auna sukarinsa. Idan ya sauka ƙasa da 0,70 g/L (giram a kowace litar jini), jiki na rawa, zufa na karyowa, mai haƙuri ma sai ya koma mafaɗaci. A ba shi ƙwayar sukari uku ko lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Idan kuma ya hau sosai, sai kasala da ƙishirwa da yawan fitsari. Ga wani abin da iyaye ba su cika sani ba: sinadaran balaga suna rage ƙarfin aikin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, wanda ake yi wa yaron allurarsa. Yaro na iya bin umarnin likita sau da ƙafa, sukarin ya ƙi sauka, a gida kuma a ce ya ci wani abu a ɓoye. Wannan zargin yana cin rai fiye da allurar.

Me ya sa yake ƙin yin allura idan ya fita?

Kunya. Ku duba zaman fada da dare: ana zagayawa da shayi mai kauri, an zuba masa sukari har ya yi danƙo, kowa ya karɓa. Ɗan shekara 16 zai fi son ya sha ya yi shiru da a ce masa "mai ciwon tsofaffi". Haka a lakwal, wasu har ban-ɗaki suke shiga su yi allurar don kada a gani, wasu su tsallake ta. Nan haɗarin yake, domin mai ciwon sukari nau'i na 1, wanda ya fi kama yara, jikinsa ya daina yin insulin. Amai da ciwon ciki da numfashi da sauri alamu ne na a garzaya asibiti ba jira. Abin da ke taimakawa shi ne aboki guda da ya san sirrin, ya kuma san abin yi idan jiri ya kama shi.

Azumi fa?

Likita ne zai yanke, kuma a tambaye shi tun kafin watan ya kama. Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Amma malami ko mahaifi ya faɗa masa haka da bakinsa, don yaron na jin kamar ya gaza ne.

'Yata na cewa ba mai aurenta.

Ciwon ba ya yaɗuwa tsakanin mutane, ba kuma sammu ba ne. Masu shi suna aure, suna haihuwa, sai dai ciki na buƙatar a daidaita sukari tun kafin a ɗauke shi. Gwaggonni masu cewa "wayyo, baiwar Allah" duk ganinta su rage, tausayin nan yana karya ta.

Yaushe damuwar ta wuce ta yau da kullum?

Gajiya da ciwon da ba ya hutu abu ne da ake tsammani. Amma idan ya kai mako 2 ba walwala, barci ya rikice, ya daina zuwa wurin abokai, ya bar aune-aune gaba ɗaya, a faɗa wa likitansa ya haɗa shi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Idan ya ambaci mutuwa ko gajiya da rayuwa, ranar za a kai shi, insulin ɗin kuma ya koma hannun babba, shi zai riƙa ba shi.